Rabin Ƙoƙo Don Sheƙar Jatau

Damba, Gusau

Zuwa ga Yayan Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. In takardar nan ta shiga hannunka, to kun sauka Tsafe ke nan, ka kuma buɗe kwandon da na ce kar a ɗora masa komai. Ina gaishe ka, ina gaida Rabi da gajiyar hanya. Allah ya sa kun shiga gidan a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku a hanyar nan duk ranar da za ku bi ta.

Na san za ka yi mamaki. Ka girma a gabana ba ka taɓa ganin na zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ɗan fari ne, ni kuma 'yar Furfuri ce, renon Inna. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zaman hira da shi. In ina son ruwa sai in dubi bango in ce, "Ruwa ya ƙare a gidan nan," kai kuma ka miƙe. Ko a waya ka san halina, da mun gaisa nake miƙa wa babanku. Takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta. In ka ga rubutun ya yi manya-manya yana hawa sama, kar ka yi dariya, yanar idon nan ce.

Maganar Jatau ce. Jan kifin nan da ke cikin kwalbar da na ba ka, shi kaɗai ya rage mani a cikin irinsa. Ka san abin da ya faru da bazara. Babanku ya ga sauro ya dame ni, sai ya fesa magani a ɗakin kifayen don ya kyauta mani, ya ja ƙofa. Irin kifin nan kuwa, beta ake ce masa, sama yake tasowa ya shaƙi iska kamar ni da kai. Da na buɗe ɗakin duk sun kife, sai shi ɗaya da na rufe wa bakin kwalba da faifai. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Da na ga bawan Allah ya kasa cin tuwo, sai na yi shiru.

Jatau ba yaro ba ne yanzu. Irinsu ba sa daɗewa a duniya, kuma namiji in ya tsufa ba ya gina sheƙa. Ni kuma ƙwan kifi ya fi ƙarfin idona, don ƙwayar gero ma ta fi shi girma. In bai yi 'ya'ya a hannunka a daminar nan ba, irin ya yanke. Macen da ke ɗaya kwalbar, wadda na sayo masa bayan abin ya faru, lafiyarta ƙalau, cikinta cike yake da ƙwai. Abin da ya rage shi ne sheƙa, kuma a kan sheƙa na sha tuntuɓe. Kai ba za ka yi ba, tun da ni na riga na yi maka su duka.

Ka tuna Sista, ma'aikaciyar jinyar nan da ta yi haya a gidan da ke jikin namu kana firamare? Ita ta fara ba ni kifin, mace da namiji, ta ce in ajiye su daban-daban don namijin masifaffe ne. Na sa shi a akwatin gilashi ina ta kallo kamar na sami talabijin. Wata safiya na tarar da kumfa ta taru a saman ruwan, fara fat, a kusurwa guda. Na ce tabɗi, ƙazanta a ɗakina? Na ɗauko cokali na yaɗe ta tas, yadda ake yaɗe kumfar romo. Washegari ta dawo, na sake kwashewa. Muka yi ta yi ni da shi, shi yana tarawa ni ina zubarwa, har ina yabon kaina da tsafta. Ranar da Sista ta shigo ta same ni da cokali a hannu, sai ta dafe ƙirji.

"Maman Hadiza, me kike yi haka?"

Na ce, "Dattin nan nake kwashewa. Kifinki ya cika tofar da yawu."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Gidansa kike rushewa! A cikin kumfar nan zai sa ƙwai."

Ashe namijin ne magini. Yana tasowa ya guntsi iska, ya naɗe ta da yawunsa, ya tofa, ɗaya bayan ɗaya, har su yi tudu. Wannan ita ce sheƙar. Na kawo maka labarin ne saboda Rabi. Amarya ce, hannunta na ƙaiƙayin wanke-wanke, na ga yadda ta goge mani tagogi ba wanda ya sa ta. Tun yau ka kira ta ka nuna mata, ka ce kumfar nan ba a taɓa ta, akwatin gilashin da na haɗa maka a kaya kuma ba ya son sabulu ko na ƙwayar zarra. Ka faɗa mata da daɗin baki, ka ce surukarta ma ta yi abin da ya fi haka.

Kumfa a fili ba ta da ƙarfi. Iska kaɗan ta watsa ta. Dole ka ba shi wani abu mai yawo a saman ruwa da zai yi masa rufi, ya yi gininsa a ƙarƙashi. Zaɓen wannan rufin shi ne aikin duka, kuma ba abin da ban gwada ba.

Na fara da kainuwa. Na je Furfuri gaida Inna, na ga ta rufe tafkin bayan gari kore shar, na ce ai ga abin da Allah ya yi wa kifi tun asali. Na ɗebo a leda, ina dawowa na zuba ta yadda take. Wallahi ya so ta. Ya yi sheƙa mai kauri a tsakanin ganyayen, aka yi ƙwai, aka ƙyanƙyashe, ina ta murna ina kiran mutane su zo su gani. Sai na ga 'ya'yan suna raguwa. Na zargi uban, har na daina yi masa magana. Da na ɗaga kainuwar na duba saiwarta, sai ga ƙwarin ruwa maƙale, masu baki kamar almakashi, sun yi ɓul-ɓul, ga matsattsaku, ga dodon koɗi. Da hannuna na kai wa jarirai maƙiyansu har cikin ɗaki.

Aikinka na malamin gona zai riƙa kai ka 'Yankuzo da sauran ƙauyuka, za ka ga kainuwa a kududdufai, kuma na san ranka zai biya. Kai ka fi ni sanin abin da ake fesa wa gonaki, ka kuma san inda ruwan sama yake wanke shi ya kai. In dole sai ka ɗebo, to ka zuba ta a roba daban, ka wanke saiwar, ka yi ta canza mata ruwa har ta haifi ƙanana a hannunka. Ƙananan za ka ɗauka, uwar ka zubar. Amma wannan aiki ne mai cin lokaci, Jatau kuwa ba shi da lokacin. A bana ka bar kainuwa a inda ka gan ta.

Daga nan na koma ganye. Sista ta ce mani busasshen ganye yana da kyau, ba ta faɗi na wace bishiya ba, ni kuma ban tambaya ba don kar a ce ban da kai. Na fita ƙofar gida na tsinko na bedi, wato dogon yaro. A raina na ce, ganyen da muke dafawa mu sha don zazzaɓi, ai kifi ma magani zai zame masa. Haba! Bawan Allah ya tattare jelarsa ya koma ƙasa ya lafe, jan jikinsa ya koɗe, ko abinci ya ƙi kallo. Da ƙyar na ceto shi da sabon ruwa. Abin da yake magani a cikinka ba lallai ya zama magani a cikin ruwansa ba. Kar ka sa bedi, kar ka sa ɗanyen ganye kowane iri, don ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa.

Ganyen da ya dace shi ne na bishiyar nan mai faɗin ganye da kuke kira furut, wadda kuka riƙa jifa a bakin makarantarku kuna fasa ƙwallonta. Ka nemi wanda ya faɗo da kansa, ya yi ja ya bushe ƙamas. Ban da na bakin titi mai hayaƙin mota, ban da na kusa da inda aka yi feshi. Ka ɗauraye shi da ruwa zalla ka ɗora a hankali, zai yi ta yawo a sama. Ruwan zai sauya ya koma kamar shayin da bai ji ganye sosai ba. Kar gabanka ya faɗi, hakan yake so, kuma yana hana ƙwai yin fumfuna. Na sa maka guda uku a kwandon, na naɗe su a tsohon ɗankwalina. In sun ƙare ba ka sami bishiyar a Tsafe ba, busasshen ganyen ayaba ma yana yi. Aibin ganye guda ne, yana jiƙewa ya nutse, wani lokaci da sheƙar a jikinsa. Wannan ya sa na ci gaba da nema.

Za ka ji masu sayar da kifi suna cewa a raba farin kofin nan mara nauyi gida biyu a kifa. Yana yi, ba zan yi musu ƙarya ba. Ni dai ban taɓa son ganinsa a ruwa ba, kuma iskar fanka kaɗan take tura shi ya yi ta zagaye da ginin mutum. Ina zaune wata rana ina tunanin abin da yake da ƙoƙo, ba ya nutsewa, ba ya tashi sama, sai na ce kai, ni 'yar gidan ƙwarya ce fa, me nake nema a kanti?

Na aika kasuwa aka sayo mani sabuwar ƙwarya, na fasa na kifa masa sakaina. Ko kusa da ita ya ƙi zuwa, ya koma can ɗaya kusurwar yana huci. Na sa yatsa a ruwan na ɗanɗana, sai ga ɗaci har maƙogwaro. Dubi shirme! Ni da na san ko fura ba a dama wa mutum a sabuwar ƙwarya sai an jiƙa ta da ƙasari ɗacin duman ya fita, na ɗauka na kifa wa kifi a ka.

Sai na ce to tsohuwar ƙwarya. Wannan kuskuren shi ya fi yi mani ciwo, kuma shi nake tsoron ka maimaita, don kowane ɗan gidanmu haka zai yi tunani. Ƙwaryar tatsar Inna ta fashe, wadda ta yi shekara da shekaru tana tatsar nono a ciki. Na roƙe ta sakaina ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Mi za ki yi da ita, ɗiyar ga?" Na ce kifi zan yi wa ɗaki. Ta ce, "Birni ya gama da ke." Na kawo, na wanke da ruwan zafi, na shanya, na shinshina ban ji komai ba. Na kifa masa ina jin daɗi a raina, wai albarkar Inna za ta sauka a kan sheƙar.

Ya shiga ya yi gini. Sai dai kumfar ba ta zama, yana tofawa tana fashewa. Duk da haka ya lallaɓa ya tara 'yar kaɗan, macen ta zuba ƙwai. Nan na ga abin da har yau ba na son tunawa. Ƙwan ya faɗo, ya bi shi ya ɗauko da baki ya mayar, kafin ya juyo wani ya faɗo. Ya yini yana hawa yana sauka bai huta ba. Da ya gaji ya ga ba inda zai ajiye su, sai ya haɗiye abinsa. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Da na karkata kai na dubi saman ruwan ta gefen haske, sai na ga maiƙo yana ƙyalli, ido-ido kamar a kan miya. Man shanu ne. Ya shige jikin ƙwaryar tun ina budurwa, ba ruwan zafin da zai fitar da shi, kuma maiƙo shi ne ajalin kumfa.

Don haka duk abin da ya taɓa nono, ko fura, ko miya, ko man shafawa, kar ya kusanci ruwan nan. Har hannunka. In ka ci ƙosai ko ka shafa mai, ka wanke hannu ka ɗauraye sosai kafin ka taɓa komai nasa. In ka ga ƙyalli a saman ruwa tun bai fara gini ba, ka shimfiɗa farar takarda a kai ka ja, za ta kwashe.

Abin da ya yi mani daga ƙarshe yana kan randarmu tun farko, ina wuce shi kullum. Ƙoƙon shan ruwa. Ruwa ya cinye ɗacinsa tuntuni, kuma ka san dokar gidan nan, ba a taɓa yarda wani ya ɗebi koko ko kunu da shi ba. Tun da na gane haka nake bin gidaje ina roƙon fasasshen ƙoƙon randa, mata suna yi mani dariya. Sheƙar da ake ginawa a ƙarƙashinsa takan yi kaurin yatsa, ba ta rushewa.

A ƙasan kwandon za ka ga rabin ƙoƙo. Na kan randarmu ne, wanda ka sha ruwa da shi tun kana ɗage ƙafa kafin ka kai bakin randar. Bai fashe da kansa ba, ni na sa wuƙa na raba shi jiya. Babanku ya fito alwala ya ce, "Yau kuma da me za mu sha ruwa a gidan nan?" Na ce da kofi, kamar kowa.

Ga yadda za ka yi. Ka ajiye akwatin a inda fanka ba ta kaiwa, inda ba a yawan buga ƙofa. Ruwan kar ya wuce kamu ɗaya, don kar hanya ta yi masa nisa in yana ɗauko ƙwai. In na famfo ne ka bar shi ya kwana a buɗe tukuna. Kar ka zuba tsakuwa a ƙasa, ƙwai ɓacewa suke yi a cikinta, kuma kar ka kunna injin nan mai hura iska. Ka kifa ƙoƙon a kusurwa ɗaya, bakin da na yanka yana kallon gilashi don ka riƙa leƙawa, ka ɗaure shi da zare kar ya yi yawo. Ganyen furut ka sa a ɗaya kusurwar. Ka rufe saman akwatin da faifai, iska mai ɗumi ta zauna a ciki.

Daga nan ka janye hannunka. Kai mutum ne mai gaggawa, tun kana yaro kake tone gyaɗar da ka shuka don ka ga ko ta tsiro. Shi zai zaɓa tsakanin ganyen da ƙoƙon. In ya bar duka biyun ya tafi wata kusurwar, kar ka matsar masa da komai, ya san abin da ya gani. Macen ka bar ta a kwalbarta, ka tsoma kwalbar a cikin akwatin, yana ganinta ba ya iya kai mata. Sai sheƙa ta yi tudu, ita kuma ka ga tana sunkuyar da kai in ya zo, sannan ka sake ta. Za su yi kokawa, kar ka tsorata. Da ta gama zuba ƙwai ka fitar da ita, don daga nan korar ta zai yi. Shi zai yi reno shi kaɗai. Ranar da ka ga 'ya'yan sun bar sheƙa suna iyo a miƙe, shi ma ka ɗauke shi, aikinsa ya ƙare. Zai yi kwanaki yana zagaye kwalba yana neman su. Ka ba shi abinci mai kyau, zai haƙura.

Ban da shakka za ka iya. Hannunka yana da sanyi a kan abu mai rai, na daɗe ina gani ta gefen ido, faɗa ne dai ban yi ba.

Saura magana ɗaya. Kun sha tambaya ta, kai da ƙannenka, me ya sa duk namijin da na zaɓa a cikin 'ya'ya sai in ce masa Jatau, uba Jatau, ɗa Jatau, jika Jatau, ko sunaye sun ƙare ne? Nakan ce ai ja ne. Gaskiya ne, ja ne. Amma in ka je Furfuri ka tambayi duk tsohuwar da ta san lokacin da na je goyon ciki, za ta ba ka sauran. A ɗakin Inna aka haife ka. Da ta ɗaga ka ta gan ka jawur, sai ta ce, "Wanga yaro Jatau na!" Duk zaman wankan da na yi, da shi ake kiran ka a gidan. Da muka dawo Gusau dangin babanku suka kama sunan yanka, wancan ya zauna a Furfuri. Ni kuwa ba wanda bakina zai iya ɗauka a cikin biyun. Ranar da Sista ta miƙo mani kwalba na ga jan abu yana juyi a ciki, sunan ya fito da kansa, a gaban mutane, ba wanda ya ɗaga kai. Tun daga ranar kullum da safe nake shiga ɗakin nan in ce, "Jatau, ka tashi lafiya? Jatau, zo ka ci abinci." Sau da yawa kana tsakar gida kana ɗaura takalmi.

Yau da safe na shiga ɗakin, na buɗe baki, sai na ga kwalba babu, na riga na haɗa ta da kayanka. Na tsaya na rasa wa zan gaisar.

Likitoci sun ce bayan damina za su duba idon su yi mani aiki. Ko ya buɗe ko bai buɗe ba, bakina dai yana nan. In 'ya'yan sun tasa sun yi launi, ka zaɓo namiji guda, wanda ya fi ja, wanda ya fi rashin kunya, ka kawo mani da hannunka. Ɗaya rabin ƙoƙon yana wurina, na ajiye masa.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙe 'yar mutane da mutunci. In za ku zo gida ku taso da hantsi, kar ku yi yamma a hanya. Babanku yana sa muku albarka, su Hadiza suna gaisuwa. Allah ya rufa muku asiri, ya kare ku daga sharrin hanya da na mutum, ya sa gidanku ya zauna da gindinsa. Allah ya tsare mani Jatau, da na cikin ruwan, da mai karanta takardar nan.

Wassalam,
Innarku